Awon Nasara da Mudun Aro

A gasar Olamfik ta 1992 da aka yi a Barcelona, kyamarorin talabijin sun ɗauki fuskokin 'yan wasa a daidai lokacin da kowanne ya gane matsayin da ya zo. Bayan an watse, wasu masana halayyar ɗan Adam su uku, Victoria Medvec da Scott Madey da Thomas Gilovich, suka tattara hotunan, suka nuna wa ɗaliban jami'a, suka ce a ba kowace fuska maki daga 1 zuwa 10, ɗaya baƙin ciki tsantsa, goma kuwa murna baki har kunne. Da sakamakon ya fito a 1995, waɗanda suka zo na biyu suka ɗauki azurfa sun tashi da maki 4.8. Waɗanda suka zo na uku, masu tagulla, 7.1.

Na uku ya fi na biyu farin ciki ke nan, alhali na biyun yana gabansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai azurfa sama yake kallo, zuciyarsa na ce masa da ka ƙara taku ɗaya da yanzu taken ƙasarku ake bugawa. Mai tagulla kuwa ƙasa yake kallo, yana tuna cewa saura ƙiris ya koma gida hannu Rabbana kamar wanda ya zo na huɗu. Fili ɗaya, rana ɗaya, alƙalai ɗaya, amma kowa da mudun da ya auna kansa da shi. To in haka ta faru a wasan da aka ƙayyade komai, har daƙiƙa ana tsaga ta gida ɗari, ina ga rayuwa, wadda babu wanda ya shata mata layin ƙarshe?

Ita kanta kalmar nasara, da muka aro daga Larabci, kalmar fagen fama ce. Shi ya sa muke cewa an ci nasara, kamar yadda ake cin yaƙi, a ci gari, a ci gasa. Duk inda aka ci nasara akwai abokin karawa, akwai alƙali, akwai kuma lokacin da za a busa a tashi. Rayuwa ba ta zo da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Da muka ɗauko kalmar muka ɗora mata, sai muka shiga cike guraben da kanmu. Abokin karawa ya zama wanda kuka zauna aji ɗaya da shi. Alƙali ya zama bakin mutane. Lokacin tashi ya zama shekara talatin ko arba'in, wadda wani da ba ka ma sani ba ya yanke cewa kafin ta cika ya kamata a ce ka zama wani abu.

Alhali harshen da muke magana da shi ya fi mu wayo a nan. Bai tara komai a kalma ɗaya ba. Akwai arziki, akwai ɗaukaka, akwai rufin asiri, akwai dacewa, akwai mutunci, akwai kwanciyar hankali, kuma duk mai jin Hausa ya san mutum na iya samun ɗaya ya rasa sauran. Dubi ma yadda kalmar arziki ta rabu biyu: mai arziki daban, mutumin arziki daban. Na farko aljihunsa ake nufi, na biyu halinsa. Sau nawa ka ji an ce wane yana da arziki amma ba mutumin arziki ba ne, kuma babu wanda ya nemi ƙarin bayani? Idan mutum ya ce yana son ya yi nasara, tambayar farko da ta kamace shi ita ce wanne daga cikin waɗannan yake nufi, domin hanyoyinsu sukan haɗu, sukan kuma rabu, kuma ranar rabuwar ce ake jin jiki.

Yawancinmu ba mu taɓa zama mun zaɓi mudunmu ba. Tsintarsa muka yi a hannunmu. Wani daga iyaye ya gaje shi, musamman inda uba ya so ya zama wani abu bai samu ba, sai ya ɗora wa ɗa. Wani daga makaranta, inda shekara da shekaru ake jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe har abin ya zame musu jiki. Wani daga tsara. Tun 1954 Leon Festinger ya yi bayanin cewa duk inda ɗan Adam ya rasa tsayayyen abin da zai gwada kansa da shi, sai ya juya ga mutane, kuma ba kowane mutum ba, waɗanda suka yi kama da shi. Shi ya sa dukiyar attajirin da ya fi kowa a duniya ba ta hana ka barci, amma sabuwar motar wanda kuka fara aiki rana ɗaya tana iya yi.

Abin yana da ƙarfin da har yakan sa mutum ya zaɓi asara. A 1998 Sara Solnick da David Hemenway sun tambayi ɗalibai da ma'aikata a sashen kiwon lafiyar al'umma na Jami'ar Harvard: wanne kuka fi so, ku samu dala 50,000 a shekara sauran jama'a na samun 25,000, ko ku samu 100,000 sauran jama'a na samun 200,000, alhali farashin kaya bai canza ba? Kusan rabinsu suka zaɓi na farko. Sun yarda a raba samunsu biyu, muddin dai su ne a sama.

Ni ma na taɓa kama kaina dumu-dumu. Wani dare, bayan na kammala wani aiki da na shafe watanni ina fama da shi, na kwanta zuciyata fes. Na ɗauki waya don in saita agogon farkawa, sai yatsa ya zarce. Hoto na uku ko na huɗu, ga wani da muka yi karatu tare, tsaye gaban wani dogon gini a wata ƙasa, katin shaida rataye a wuyansa, a ƙarƙashin hoton ana ta zuba masa barka. Ba a yi minti biyu ba aikin da na kwanta ina alfahari da shi ya koma mini wasan yara. Sai da gari ya waye na lura da abin dariyar: aikin da mutumin nan yake yi, ko kyauta aka ba ni ba na so. Na san irinsa, na san ba zan yi wata uku a ciki ba. Barkar ce ta tsone mini ido. Hassada irin wannan ba ta da daɗin faɗa, amma tana da amfani in an tsaya an bincike ta, domin takan nuna wa mutum ainihin abin da yake yunwarsa. Ni ranar na gane ina da yunwar a gani a yaba, fiye da yadda nake yarda a gaban mutane.

Akwai kuma dalilin da ya sa mudun aro kullum abubuwa iri ɗaya yake aunawa: albashi, muƙami, takardar shaida, yawan mabiya a intanet. Su ne ake iya ƙirgawa, su ne ake iya ɗauka hoto. Babu wanda zai iya ɗaukar hoton amanar da ka riƙe, ko daren da ka kwana a zaune wurin maras lafiya, ko cin hancin da ka mayar. Masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya, Charles Goodhart, ya lura tun 1975 cewa da zarar an mai da wani ma'auni abin da ake kora, sai ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. A kan manufofin kuɗi ya yi maganar, amma ta dace da ɗalibin da ya koma neman maki ya bar neman sani, ta dace da magidancin da ya fita neman kuɗi don iyalinsa su ji daɗi har ya wayi gari 'ya'yansa na ɗari-ɗari da shi kamar baƙo.

Sai dai a nan ya kamata a taka a hankali, don masu irin wannan magana sukan zarme su koma zagin kuɗi. Wanda bai san inda zai samo kuɗin magani ba, in ka zo kana yi masa huɗubar cewa kuɗi ba komai ba ne, ka ci zalinsa. Bincike ma bai goyi bayanka ba. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun nazarci amsoshi sama da 450,000 na mazauna Amurka, suka ce jin daɗin yau da kullum yana hawa tare da samu har zuwa wajen dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth ya fito da nasa binciken ya ce shi bai ga inda ya tsaya ba. Maimakon cacar baki, sai Kahneman da Killingsworth suka zauna tare da Barbara Mellers suka sake duba alƙaluman, a 2023 suka fitar da matsaya guda: ga yawancin mutane jin daɗi yana ci gaba da ƙaruwa da ƙaruwar kuɗi, amma akwai wani kaso, kimanin ɗaya cikin biyar, waɗanda suka fi kowa ƙunci, da in samunsu ya kai wajen dala 100,000 ƙari ba ya rage musu komai. Wato kuɗi na maganin ciwon da rashin kuɗi ya kawo. Ciwon rashin masoyi, ko auren da ya ruɓe, ko zuciyar da ta rasa dalilin tashi da safe, wannan ba a kantinsa ake sayar da maganinsa ba.

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wadata ba yawan kaya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci, bai la'anci dukiya ba. Wurin awon ya sauya. Kuma yana jawo tambayar da mutane ƙalilan ne suke da amsarta: nawa ne ya isa? Tambayi duk wanda ke tsakiyar nema, zai gaya maka abin da yake hari na gaba, amma da wuya ya gaya maka inda in ya kai zai ce alhamdu lillahi, daga nan lokacina na wani abu ne. Wanda ba shi da wannan iyakar, ko nawa ya tara, a matsayin mai azurfa zai ƙare, yana kallon matakin da ke samansa.

To ta yaya mutum zai gane abin da yake darajawa da gaske? Shawarar da aka fi bayarwa ita ce ya ɗauki takarda ya jera. Ban ga laifinta ba, amma ban ga amfaninta sosai ba. Kowa zai rubuta gaskiya, iyali, lafiya, ilimi, taimakon jama'a. Ɓarawo ma in ka ba shi biro abin da zai rubuta ke nan. Jerin abubuwan kirki ba ya bambanta ka da kowa, saboda a kan takarda babu ɗayansu da ke taka ƙafar wani.

A rayuwa kuwa suna takawa. Shalom Schwartz, wanda ya yi bincike a ƙasashe 20 ya fitar da sakamakonsa a 1992, ya gano cewa abubuwan da mutane ke darajawa, duk bambancin al'adunsu, suna taruwa ne a manyan rukunoni goma, kuma ya jera su a da'ira. Waɗanda ke kusa da juna suna tafiya tare, waɗanda ke fuskantar juna suna ja-in-ja. Son mulki da son cim ma babban matsayi suna gefe guda, kyautata wa na kusa da damuwa da jama'a baki ɗaya suna ɗaya gefen. Son 'yancin kai da son sabon abu suna fuskantar son zaman lafiya da bin abin da aka gada. Babu rukunin da yake na banza, kuma kusan kowa yana da rabo a cikin duka goman. Abin da ya bambanta mutum da mutum shi ne wanne yake sakewa idan biyu suka yi karo kuma ba a tauna taura biyu.

Na ga wannan a kan wasu mutum biyu da na sani. Kowannensu an yi masa tayin ƙarin girma da sharaɗin ya koma wani gari mai nisa, kuma kowannensu yana da mahaifi da tsufa da ciwo suka kwantar. Na farko ya karɓa. Lissafinsa shi ne da sabon albashin zai iya ɗaukar nauyin magani da mai jinya, abin da zamansa kusa ba zai samar ba. Na biyu ya ƙi. Ya ce mahaifinsa ba ya cin abinci sai shi ne ya ɗaga masa kai, kuma wannan ba abin da zai wakilta wani ba ne. Ban isa in ce ɗaya ya fi ɗaya son mahaifinsa ba. Abin da na gani shi ne kowanne ya biya. Na farko a waya aka gaya masa rasuwar, yana tsakiyar taro. Na biyu kuwa bayan shekara biyu yaron da shi ya koya wa aiki ya zama shugabansa, kuma na ga yadda yake tsayawa bakin ƙofar ofishin, fayil a hannu, yana jiran a ce ya shigo. Ya gaya mini abin yana yi masa zafi har yau, amma da za a maido da ranar, amsar da ya bayar ita zai sake bayarwa.

Wannan jimlar tasa ta ƙarshe, a ganina, ita ce gwajin. Abin da kake darajawa shi ne wanda ka biya farashinsa, ka ji zafin biyan, kuma ba ka neman a maido maka. Saboda haka wanda yake son ya san kansa, ya fi masa sauƙi ya waiwayi baya da ya hangi gaba. Ya tuna lokutan da aka sa shi a tsaka mai wuya, me ya riƙe, me ya saki. Ya tuna abin da ya taɓa ƙi alhali karɓar ta fi sauƙi. Ya duba abin da ke tunzura shi ko da ba shi aka yi wa ba, domin fushi irin wannan yakan tashi ne inda aka taɓa wani abu mai tsada a wurin mutum. In yana da ƙarfin hali, ya rubuta yadda sa'o'insa suka tafi na mako guda, ya ajiye kusa da jerin nan na takarda. Tazarar da zai gani tsakanin biyun ba ta da daɗin kallo, kuma fassara biyu gare ta: ko dai rayuwarsa ta kauce daga abin da yake so, ko kuma abin da ya rubuta ba nasa ba ne, ya rubuta ne don haka ake so a ji.

Wani ruɗanin kuma shi ne haɗa buri da manufa. Buri abu ne da ake cim masa a wuce: digiri, gida, kujera, kofi. Manufa alƙibla ce, ana fuskantarta ne, ba a isa a sauka. Matsalar buri ita ce sabo yana cinye daɗinsa da wuri. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca a jihar Illinois, suka tarar farin cikinsu bai wuce na maƙwabtansu da wani abin kirki ba, kuma ƙananan abubuwan jin daɗi na yau da kullum sun rage yi musu armashi. Mutum 22 ba su da yawa, kada a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa, amma duk wanda ya taɓa samun abin da ya daɗe yana nema ya san shirun nan da ke biyo bayan murna, da tambayar da ke zuwa da shi: shi ke nan?

Kuma ba duk buri ne ɗaya ba. A 2009 Christopher Niemiec da Richard Ryan da Edward Deci na Jami'ar Rochester sun bi sawun matasan da suka kammala jami'a, shekara ɗaya bayan fitarsu, sannan suka sake komawa bayan wata shekarar. Waɗanda suka sa dukiya da suna da kyan gani a gaba sun fi samun waɗannan abubuwan, don wanda ya nema yakan samu. Amma samun bai ƙara musu natsuwa ba, har ma an ga ƙarin alamun damuwa tare da shi. Waɗanda suka sa ƙaruwar kansu da dangantaka ta kusa da amfanar jama'a a gaba, su cim ma burin ya zo musu da natsuwa. Abin tsoron ke nan game da mudun aro: kana iya cika shi fal.

'Yar wasan tanis ta Ostireliya, Ashleigh Barty, ta ba duniya mamaki a watan Maris na 2022. Tana da shekara 25, ita ce ta ɗaya a duniya, wata biyu kacal da ɗaukar babban kofin ƙasarta, wanda rabon da 'yar ƙasar ta ɗauka tun 1978, sai ta ce ta ajiye wasa. Bayanin da ta yi shi ne ta ba wasan duk abin da take da shi, kuma a wurinta wannan ne nasara, ba yawan kofuna ba. Masu sharhi suka yi ta lissafin kofunan da ta bari a kan tebur. Lissafinsu daidai ne a mudunsu. Ita dai ta san inda nata ya cika, abin da galibin masu ƙarfi a kowane fage ba sa sani sai jiki ko jama'a sun kore su.

Kada kuma a ɗauka manufa sai mai babban matsayi. Amy Wrzesniewski da Jane Dutton sun yi nazarin masu shara da goge-goge a wani asibiti a Amurka. Aiki ɗaya, albashi ɗaya. Wasu suka bayyana aikinsu kamar yadda yake a takardar ɗaukar aiki, shara da kwashe shara. Wasu kuwa suna ganin kansu cikin masu jinya: suna lura da majinyacin da ba a zo dubawa ba su tsaya su yi masa hira, har akwai wadda takan sauya hotunan bango a ɗakin marasa lafiyar da suka daɗe a sume, ko Allah zai sa sauyin ya taɓa wani abu a cikinsu. Babu wanda ya sa ta, babu wanda zai ƙara mata ko sisi. Lura da inda manufarta ta fuskanta: waje, wurin wani. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya fito da rai daga sansanonin 'yan Nazi a 1945 bayan ya rasa matarsa da iyayensa da ɗan'uwansa a can, a kan wannan ya gina koyarwarsa: mutum ya rage tambayar me zai samu daga rayuwa, ya saurari abin da rayuwa ke nema daga gare shi, ko wani aiki da ke jiransa, ko wani mutum.

Wannan ya kawo mu ga inda maganar "ka fassara nasara da kanka" take da haɗari, kuma masu yayata ta ba su cika faɗa ba. Tana iya zama mafakar rago. Mutum ya gwada abu ya gagare shi, ko ma tsoro ya hana shi gwadawa, sai ya dawo yana cewa ai shi dama duniya ba ta dame shi ba. Bambancin mai wadatar zuci da wanda ya sare yana da wuyar gani daga waje, amma daga ciki akwai alama: wanda ya bar abu don ya zaɓi wani, za ka tarar yana wahala a kan wancan ɗin da ya zaɓa, kuma yana iya taya wanda ya samu abin da ya bari murna. Wanda ya bari don ya kasa, ba ya aikin komai, kuma kullum yana da mugun labari a kan waɗanda suka samu.

Tana kuma iya zama rigar son kai. Babu wanda ke rayuwa shi kaɗai, kuma ma'aunin da ka yanka wa kanka wasu ne za su biya rabin kuɗinsa: mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, waɗanda ke ci a ƙarƙashinka. Wanda ya ce shi nasararsa ita ce ya bi abin da ransa ke so, ya bar masu haƙƙi a kansa cikin wahala, bai 'yantu daga komai ba, ya sauya ubangida ne kawai, daga bakin mutane zuwa son zuciya. Binciken da aka fara a Harvard a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, wasu ɗaliban jami'ar, wasu 'ya'yan unguwannin talakawa na Boston, ya nuna cewa gamsuwar mutum da dangantakarsa yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance yana ɗan 80. Maza ne zalla, na wuri ɗaya da zamani ɗaya, amma darasin ya yi nauyin da ba za a ture shi ba. Duk fassarar nasarar da babu kowa a cikinta sai mai ita, akwai abin da ta manta.

A cikin duk waɗanda na san labarinsu, babu wanda ya yi wa kansa wannan binciken da rashin sassauci kamar Imam Gazali. A 1091 waziri Nizamul Mulk ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da shekara talatin da 'yan kai. A duniyar ilimi ta wancan zamani babu kujerar da ta fi wannan. Ɗalibai kusan 300 ke zama gabansa, fada na jin maganarsa. Kuma abin da yake koyarwa addini ne, wato ko a mudun masu tsoron Allah ya cika ya batse. Babu mai iya duban sa daga waje ya ce ga inda ya kauce.

Shi ya duba daga ciki. A tarihin kansa da ya rubuta, ya ce ya binciki niyyarsa a kan koyarwar, sai ya tarar ba don Allah tsantsa ba ce, abin da ke ingiza ta son matsayi ne da yaɗuwar suna. Sanin bai sa ya tashi nan take ba. Wata shida ya yi yana kai gwauro yana kai mari, yau ya ƙudurta barin Bagadaza, gobe ya warware, ya sa ƙafa ɗaya gaba ya janye ɗaya. A ƙarshe jikinsa ya yanke masa hukunci. Harshensa ya ɗaure, ya zo gaban ɗalibai ya kasa furta kalma, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce wannan ciwo daga zuciya ya taso, kuma sai an magance damuwar za a samu kansa. A 1095 ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai riƙe 'ya'yansa, ya nuna kamar Makka za shi don kada a tare shi, ya nufi Sham. Mutane suka yi ta fassara. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ne, na kusa da suka ga yadda masu mulkin ke riƙe da shi suka ce wannan sai dai kambun baka ya kama Musulunci da malamansa. Kusan shekara biyu ya yi a Dimashƙa, yakan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle kansa yini guda. Daga nan ya wuce Ƙudus, ya yi aikin Hajji, ya koma garinsu Ɗus ya ci gaba da keɓewa.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne abin da ya biyo baya. A 1106, bayan shekara goma sha ɗaya, ya koma koyarwa, a wata Nizamiyyar kuma, ta Naisabur. Ga mai kallo daga waje, mutum ya yi doguwar tafiya ya dawo inda ya tashi: malami, kujera, ɗalibai. Shi da kansa ya san za a faɗi haka, ya kuma amsa cewa ko da ya dawo, ba komawa ya yi ba, domin a da yana yaɗa ilimin da ake samun matsayi da shi, yanzu kuwa yana kira ne zuwa ga ilimin da ake barin matsayi da shi. Bai daɗe a Naisabur ba ya sake komawa Ɗus, inda ya buɗe 'yar makaranta da zawiyya kusa da gidansa, yana karantar da waɗanda suka zo. A can ya rasu a watan Disamba na 1111, yana da shekara hamsin da uku.